Yadda Baffa Injiniya Ya Fito da Shuɗiya

Ranar Talata Mama ta yanke hukunci. Rufin gareji ya ruɓe, bangonsa ya tsage, Magini zai zo ranar Asabar ya rushe shi. Motar Baba da ke ciki kuwa, in ta fita titi da ƙafarta kafin azahar ɗin Asabar, to. In ba ta fita ba, mai sayen tsofaffin ƙarafa zai kunna wutarsa ya yanka ta gunduwa-gunduwa a inda take.

"Mama, motar Baba ce fa," na ce.

"Na san ta, Auta. Na riga ki shiga."

Shuɗiya Baba yake ce mata. A cikinta ya koya mini tuƙi, kuma kullum da baya yake shigar da ita gareji, hancinta na kallon ƙofa, wai don ta kwana cikin shiri. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ban zauna a cikinta ba. Nakan je bakin ƙofa, in ji warin kujerun nan, in juyo. Ina son motar, ina kuma tsoron ta, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Matsalar ita ce ta ƙi motsi. Magini da leburorinsa sun tura har suka gaji. Ya zura hannu zai fitar da ita daga giya, sandar giyar ta ƙi ko girgiza. Ya taka kuloci, ya tafi har ƙasa bai yi komai ba.

Ban san wanda ya kai wa Baffa labari ba. Da safiyar Laraba dai sai ga shi da jakar sifanu da guduma biyu.

Baffa ƙanen Baba ne. Injiniya ake ce masa a layinmu, shi ya raɗa wa kansa tun ranar da ya gyara fankar Mai Aski. Fankar na aiki har yau, sai dai bango take hurawa. Shuɗiya kuwa sau ɗaya ya taɓa tuƙa ta, bai tambayi kowa ba. Ya dawo gida a ƙasa da madubinta a hannu, maza takwas suka je suka ciro ta daga kwata. Ba mu cika tayar da zancen ba.

Ya zagaya motar sau biyu, ya buga taya da ƙafa, ya sunkuya ya shinshina salansa.

"Tsatsa ce," ya ce. "A lamba ɗaya ta maƙale. Aikin minti goma."

"Baffa, ya aka yi ka san lamba ɗaya ce? Rubutun kan sandar ya goge."

"Ga ta can ta kwanta gaba, gefen hagu. Auta, ni giya ba karanta ta nake yi ba, jin ta nake yi a jikina."

Mama na zaune a inuwar baranda tana gyaran maɓallin riga. Ta ɗago kai.

"Ai babanta in ya dawo, kullum sai ya..."

"Yaya, Allah ya huci zuciyarki, ki bar mana wannan. Harkar ƙarfe ce."

Mama ta mayar da kai kan maɓallinta.

Baffa ya shiga ya kama sandar da hannu ɗaya, ya ja. Ya sa hannu biyu. Ya dafa ƙafa a jikin akwatin gaba ya ja har hularsa ta faɗi. Ya fito yana haki ya ce ta fara saki, shi ya ji. Ya tsiyaya mata baƙin mai ta saman robar da ke gindinta, ya bi da kananzir, ya bi da ruwan zafi daga butar shayin Mama. Da aka yi awa uku cikin minti goman, sai ya samo wani dogon bututun ƙarfe ya zura a kan sandar, ya kira Mai Aski su taru su danna.

Wani abu ya ce ƙas.

"Ta saki!" in ji Baffa.

Kan sandar ne ya fashe biyu. Rabi ya shige ƙarƙashin kujera, rabi ya sami Mai Aski a goshi.

"Dama shi ne yake tare hanya," Baffa ya ce, ya jefa guntun a aljihu.

Da yamma mai sayen ƙarafa ya leƙo. Mutum ne mai ladabi, ba ya ɗaga murya. Ya gaishe da Mama, ya gaishe ni, ya ƙwanƙwasa ƙofar Shuɗiya da ɗan yatsa, ya saurari ƙarar.

"Ƙarfen da," ya ce cikin girmamawa. "Yanzu ba a yin irinsa. Allah ya kai mu Asabar."

Na ji kamar in kwaɗa masa bututun nan.

Ranar Alhamis Baffa ya zo da sabon tsari. Tunda giya ta ƙi jin magana daga sama, za a bi ta ƙasa. Za a yi ta jijjiga motar gaba da baya har haƙoran ciki su saki juna. Ya tara maza shida, har da Tela na bakin layi da Mai Faci. Shi ya tsaya a gefe yana ba da umarni.

"Gaba! Baya! Gaba! Kai Tela, wannan turawa ce ko shafa?"

"Injiniya, zo ka nuna mana."

"In na tura wa zai lura da giyar?"

Suka jijjiga har rabin awa. Abin da ya saki dai shi ne bayan Mai Aski, aka kai shi shago a riƙe. Wasu ɓeraye uku suka fito daga ƙarƙashin kujerar baya, suka dube mu, suka wuce.

Baffa bai karaya ba. Ya ce ƙarfin mutum ya kasa, sai na inji. Aka kawo akori-kurar Magini, aka ɗaura igiya a bambar gaban Shuɗiya.

"Injiniya, ba a bamba ake ɗaura igiya ba," in ji Mai Faci. "Akwai ƙugiya a ƙasa."

"Kai da taya ka saba. In ta kai ga taya zan neme ka."

Magini ya ja. Igiya ta miƙe. Shuɗiya ta yi wani nishi, tayoyinta na baya suka ja ƙasa kamar taƙi ɗaya. Sai akori-kura ta zabura ta fita titi da gudu, bamba na bin ta a baya tana kwaramniya har bakin shagon Tela.

Baffa ya bi ta da kallo.

"To, gaban ya fita," ya ce. "Saura sauran."

Mama ta zo wucewa da bokitin wanki. Ta tsaya ta dubi motar, ta dubi ƙanen mijinta.

"Da za ka ɗaga dardumar nan ta gefen..."

"Yaya, darduma kuma? Ciwo yana can cikin ciki, ke kina maganar riga. Ki sa mana albarka kawai."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Mama, ta wuce.

Ni ma ban bi ta na tambaya ba. Laifina ne wannan, kuma na sani. Baffa yana magana da ƙarfi, yana da jakar sifanu, kuma muddin shi yake zama a kujerar nan, ni ba sai na zauna ba.

Ranar Juma'a ce ranar babban tsari. Baffa ya zana shi da gawayi a bangon gareji, ya tara mu ya yi bayani. Faifan kuloci ne ya manne da tsatsa, in ji shi. Za a ɗaga tayoyin baya sama da jak, a tayar da inji, tayoyi su yi ta juyawa a iska. Shi zai zauna a ciki ya take kuloci, ya ba ta wuta. Sai a saki jak farat ɗaya. Da tayoyi sun taɓa ƙasa, girgizar za ta ɓalle tsatsar, motar ta fita ta ƙofa ta hau titi, shi kuma ya tsayar da ita a gaban shagon Mai Aski.

"Me ya sa gaban shagona?" in ji Mai Aski, yana dafe da ƙugu.

"Nan ne ya fi fili."

Aka kawo babban jak ɗin Mai Faci, aka ɗaga ta. Aka sa sabon batir, aka zuba sabon mai. Mai Faci ya kwance filogi ya goge, ya busa kafireto, Baffa na tsaye a kansa yana gaya masa abin da ya riga ya yi. Aka murɗa makulli sau tara. A na goma Shuɗiya ta yi tari, ta yi atishawa, ta fesa wa Tela baƙin hayaƙi, ta tashi.

Na san wannan ƙarar. Ita nake ji tun ina ƙarama in Baba ya kawo kan kwana, in ruga in buɗe ƙofa. Na jingina da bango, na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Tela ya tsuguna yana kallon tayoyin baya. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Injiniya, kamar baya suke juyawa fa."

"Ido ne yake ruɗin ka. Ba ka taɓa ganin fanka ba? In ta yi gudu sosai sai ka ga kamar baya take yi."

"Tawa ai da gaske baya take yi," in ji Mai Aski.

"Taka daban. Tsohon yayi ce."

"Ni dai abin da na gani na faɗa," Tela ya ce. "Shekara talatin ina kallon keken ɗinki, na san gaba na san baya."

"To ka je ka ɗinka mata riga. A kashe inji, gobe da safe za mu fito da ita kowa ya gani."

Da safiyar Asabar na tarar da Mama a tsakar gida ta bayan gareji tana kwashe shanya. Wankin bai ma bushe ba. Ta ɗauke bahunan wanki, ta ja tukwanen furanninta zuwa baranda, ta ɗauke kujerarta ta roba daga gindin tankin ruwa. Na tambaye ta ko hadari ta gani.

"Wani abu mai kama da shi," ta ce.

A waje kuwa Baffa ya gama shirya titi. An janye bencin Mai Aski, an shigar da keken Tela ciki. Magini ya tsaya can kan kwana da jan ƙyalle yana tare motoci. Mutanen layi sun jeru gefe da gefe, har da masu leƙe ta saman katanga. Mai Ƙarafa ya zo da wuri, ya zauna a kan tukunyar gas ɗinsa ya harɗe ƙafa. Baffa ya sa farar riga da tabarau.

"Kowa ya kauce daga gaba," ya ce. "In ta fito ba ta san ɗan kowa ba."

Mai Faci ya ɗaura doguwar igiya a hannun jak, ya zaro ta ta tagar gefe, ya fita waje ya tsaya.

"Me kake yi a can?" in ji Baffa.

"Daga nan zan saki. Ina da iyali."

Baffa ya shiga, ya gyara madubi, ya tayar da inji. Ya take kuloci, ya danna totur har gilashin taga ya soma rawa. Ya ɗaga wa jama'a hannu, jama'a suka ɗaga masa.

"Saki!"

Mai Faci ya fizge igiya.

Mu da ke titi abin da muka gani shi ne Shuɗiya ta ƙanƙance. Baffa na riƙe da sitiyari da hannu biyu, ido a kan titi, fuskarsa cike da niyya, yana ta yin nisa da mu. Bangon baya bai yi gardama ba ko kaɗan. Aka ji rugum, aka ji gwaram, sannan aka ji wani dogon shaaa. Inji ya mutu.

Ƙura ta lafa, sai ga hasken rana yana shigowa gareji ta inda babu ƙofa a da. Can cikin tsakar gida Shuɗiya ta tsaya, bayanta a jikin ƙafar tanki, tankin ya kwanta a kan rufinta yana juye ruwa ta tagar direba.

Magini ya iso da jan ƙyallensa, ya dubi ɓaraguzan.

"Wannan ɓangaren an gama," ya ce. "Da mu ne sai mu yini a kansa."

"Na ce baya suke juyawa," in ji Tela, ba da kowa yake ba.

Jama'a suka bi ta gareji suka cika mana tsakar gida. Baffa ya buɗe ƙofa, ruwa ya riga shi fitowa. Farar riga ta manne masa a jiki, tabarau ya koma kan kunne ɗaya. Ya tsaya ya gyara wuyan riga.

"Kun ji wani ƙas kafin bangon? Kuloci ne. Ya saki."

Mai Faci ya zura ƙafa ya taka. Abin haushin, gaskiya ne, kuloci ya saki. Ya kama sandar giya ya girgiza, tana nan daram inda take.

"Injiniya, wannan ribas ce. Irin waɗannan tsofaffin, ribas ɗinsu na maƙwabtaka da lamba ɗaya."

"Na sani. Ta baya na so mu fara."

Mai Ƙarafa ya gungura tukunyarsa har gindin motar. Ya dubi rana, ya dubi Mama.

"Ranki ya daɗe, titi kika ce, ko? To, nan tsakar gida ce. Tura ta kuma ba zai yiwu ba, ga bulo ya tare hanya. In fara?"

Ya ƙyasta ashana, bakin wutarsa ya ce fuu, ya koma shuɗi.

Ban san lokacin da na isa gaban Mama ba. Tana zaune a baranda cikin tukwanen furanninta, ba abin da ya taɓa ta ko ɗigon ruwa. Na durƙusa. Ban damu da wanda zai ji ba.

"Mama, don Allah. Me Baba yake yi mata in ya ajiye ta?"

Ta dube ni. Sannan ta jawo gwangwanin da take ajiye zare da allura, ta tona ƙarƙashin maɓallai, ta ciro wani ɗan makulli ɗaure da guntun kwali.

"Shekara goma sha ɗaya ina jiran wannan tambayar," ta ce. "Cewa ya yi in kin tambaya da bakinki in ba ki. In ba ki tambaya ba, to ba ki shirya ba. Ɗaga dardumar gefen sandar."

Na shiga na zauna. Kujerar ta jiƙe sharkaf, amma warin yana nan. Na ɗaga bakin darduma. Ga wani ƙarfe kamar kaurin babban yatsa, an yi masa walda a ƙasan motar, ya rungume gindin sandar giya, da ƙaton kwaɗo a jikinsa. Yana ta ƙyalli da baƙin mai da kananzir na kwana uku.

"Washegarin ranar kwata ya sa aka yi shi," in ji Mama daga baranda, da muryar da ta kai har titi. "In ya shigo da baya sai ya kulle ta a ribas ɗin."

Mai Aski ya karɓo makullin wajen Mama don ya taya ni. Kafin ya sa, ya juya kwalin ya ga rubutu. Rubutun Baba ne, mai kwanciya gefe. Mai Aski mutum ne da bai iya karatu a zuci ba.

"Na Auta," ya karanta. "Ban da Injiniya."

Dariyar ta faro daga saman katanga ta gangaro. Tela ya zauna a kan bulo yana riƙe ciki. Baffa ya cire tabarau ya goge da jiƙaƙƙiyar riga.

"Kun dai ji," ya ce. "Shi da kansa ya rubuta Injiniya."

Kwaɗo ya buɗe a murɗa ɗaya. Na naɗe sandar da tsumma tunda ba ta da kai, na taka kuloci, na taɓa ta da yatsa biyu. Ta dawo tsakiya a hankali kamar jiya aka ajiye ta. Maza suka ɗauke tanki, suka watsar da manyan bulo. Mai Ƙarafa ya kashe wutarsa, ya ma taya su. Mama ta taso ta shimfiɗa tawul a kujerar gaba, ta zauna, ta ɗora gwangwanin zarenta a cinya.

Na tayar da inji, na sa lamba ɗaya, ta gaskiya. Shuɗiya ta hau ɓaraguzai, ta ratsa gareji, ta fito ta ƙofa, babu bamba a gaba, bayanta a lotse, ruwa na zuba ta ƙasan ƙofofi. Baffa na gabanmu yana tafiya da baya yana yi mini alama da hannu.

"Taho, taho. Kaɗan dama. Kun ga abin da nake gaya muku tun Laraba?"

Da tayoyin baya suka hau kwalta sai ya zagayo ya kama hannun ƙofar baya. Mama ta miƙa hannu ta danna maɓallin kulle.

"Mama, takardar ba ta ce kar ya hau ba."

"Ba ta ce ya hau ba."

Na buga saman akwatin gaba sau biyu da tafin hannu kafin in saki birki. Ban yi niyya ba, hannun ne ya tuna, haka Baba yake yi mata duk safiya. Mama ta juya fuska wajen taga, ta ja bakin mayafi ta goge ido. Mun wuce shagon Mai Aski, mun wuce na Tela, ba ta juyo ba.

"Sa lamba biyu," ta ce. "Babanki ba ya son a ja ta a ɗaya."